Fentin mota a jikin jita ba ƙauyanci ba ne

1/ Akwai wata magana da ta zama kamar hadda a bakin masu kaɗa jita na makarantunmu: wai duk wanda ya fesa wa jitarsa fentin mota ya kashe ta. Wai ƙauyanci ne, wai sautin ya tafi ke nan har abada. Ni kam ban yarda ba. Ku gyara zama, zaren nan zai yi tsawo. 🧵

2/ Ga matsayata tun daga farko, don kada wani ya juya min magana a tsakiya. In jitar lantarki ce, ta gwanjo, mai sauƙin kuɗi, jikinta duk ya kwarzane, to fentin mota ya dace da ita sarai. Amma akwai jitar da bai kamata a kusance ta da gwangwanin feshi ba, akwai kuma fentin da bai kamata ka fesa da kanka ba ko da kyauta aka ba ka. Duk za mu zo wurin.

3/ Bari mu fara da masu cewa ƙauyanci ne. Jitar da suke mafarkin mallaka, Fender Stratocaster ɗin nan mai launin shuɗi ko ja da suke sawa a fuskar wayarsu, da me suke zaton an yi mata fenti a shekarun 1950 da 1960? Da fentin mota. Ba wai mai kama da na mota ba, shi ɗin dai, na kamfanin DuPont da ake sayar wa masu gyaran jikin motoci a Amurka.

4/ Stratocaster ta fito a 1954. Zuwa farkon shekarun 1960 kamfanin Fender ya fitar da takardar launuka na musamman guda 14, wanda duk yake so sai ya ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin jitar. Kusan dukansu daga jikin motoci aka kwaso su. Fiesta Red na Ford Thunderbird ne ta 1956. Surf Green na Chevrolet ne ta 1957. Lake Placid Blue da Daphne Blue da Olympic White duk na Cadillac ne ta 1958. Burgundy Mist na Oldsmobile ne ta 1959. Shell Pink kuwa daga DeSoto ya fito, motar da yau ko sunanta yawancinmu ba mu taɓa ji ba.

5/ Dalilin kuwa ba wani abin boko ba ne. Leo Fender mai gyaran rediyo ne asalinsa, mutum ne mai son abin da ke da araha, ake samu a kusa, yake kuma bushewa da wuri. A Kalifoniya ta lokacin, shagon fentin mota ko'ina akwai shi. Me zai sa ya wahalar da kansa?

6/ Shi kansa fentin da masu tsattsauran ra'ayin jita ke girmamawa, wato naitiro, masana'antar mota ce ta yayata shi. DuPont ta fito da shi da sunan Duco a farkon shekarun 1920, General Motors ta fara amfani da shi a motar Oakland ta 1924. Kafin nan fentin mota guda sai ya ci makonni ana jiran ya bushe. Duco ya rage wannan jira sosai, ya kuma buɗe ƙofar launuka. Masu yin jita daga baya suka ara. Wato in ana maganar wa ya riga wa, mota ce yaya, jita ƙanwa.

7/ Wani abin dariya ma: Lake Placid Blue da Olympic White ɗin da ake kira “naitiro na asali”, launin nasu akirilik ne, wanda DuPont ke sayarwa da sunan Lucite. Naitiro mara launi kawai ake fesawa a sama. In kun haɗu da mai yi muku fankama da “ni naitiro zalla nake so”, ku tambaye shi wannan, ku ga yadda zai canza hira.

8/ Kamfanin Gibson ma bai tsira ba. Da suka so yin gogayya da Fender, sai suka ɗauko Ray Dietrich, mutumin da ya yi suna wajen zana jikin motoci, ya zana musu jitar Firebird da ta fito a 1963. Launukanta na musamman su ma na mota ne, irin su Pelham Blue na Cadillac.

9/ Sai Eddie Van Halen, wanda ya rasu a 2020. Jitarsa mai zane-zanen ja da fari da baƙi, wadda ake kira Frankenstrat, da hannunsa ya harhaɗa ta. Jikin dala 50 ya saya saboda yana da aibi a katakon, wuyan dala 80. Ya fesa baƙi, ya liƙa salatif, ya fesa fari. A 1979 ya ƙara ja da fentin keke na Schwinn. Fentin keke fa! Yau kwafinta na ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Washinton.

10/ Kuma ba sai mun je Amurka ba. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da jitarsa, ta farkonsa da katako da wayar birkin keke ya haɗa ta. Da ya zauna jiran kayan “asali”, da har yau yana jira.

11/ To, sautin fa? Nan ne gardamar take, kuma zan faɗi gaskiyar abin da nake gani. Jitar lantarki ba da jikinta take magana ba. Tsirkiyar ƙarfe ce ke kaɗawa a saman maganaɗisun nan da ake kira fikof, motsin ya zama lantarki, ya bi waya ya shiga amfilifaya. Abin da ke canza sautin da kunne zai ji shi ne fikof ɗin, da sabuntar tsirkiya, da saitin tsayinta, da amfilifayar, da yatsun mai kaɗawa. Fenti yana can ƙarshen layi, in ma yana layin.

12/ Ku duba fa. Bayan CBS ta sayi Fender a 1965, wajen 1968 aka koma fentin foliyesta mai kauri kamar roba. Da jitocin wannan zamanin aka yi faya-fayai ba iyaka, kuma ban taɓa ganin wanda ya saurari waƙa a waya ya ce “kai, wannan foliyesta ce” ba. Mutumin da tsirkiyarsa ta shekara ba a canza ba, har ta yi tsatsa, shi ne zai zo yana maka wa'azin kaurin fenti.

13/ Amma in ba su haƙƙinsu, masu son naitiro suna da hujja biyu masu kyau. Na ɗaya, yana tsufa da kyau: yana ɗan yin rawaya, yana yin tsage-tsage ƙanana, yana gogewa daidai inda hannu ke hawa, sai jitar ta zama kamar tsohuwar jakar fata. Na biyu, gyaransa da sauƙi, don sabon shafi yana narkewa ya shige cikin tsohon. Fentin mota na zamani in ya ɓantare, facin yana nunawa. Wannan gaskiya ne. Sai dai maganar ido ce da gyara, ba ta kunne ba.

14/ Inda na yarda da su ɗari bisa ɗari shi ne jita mai rami, wadda ba a jona ta da wuta. Ita allon gabanta shi ne lasifikarta. Siririn katako ne da ke rawa tare da tsirkiya yana tura iska. Ka lafta masa firaima da launi da kiliya mai kauri, ka ƙara masa nauyi, ka ɗaure shi. Sautin zai dushe, kuma babu amfilifayar da za ta rufa maka asiri. Ka bar ta da tabonta.

15/ Haka nan in Allah Ya sa ka tsinci tsohuwar Fender ko Gibson ta gaske a kayan gwanjo, ko ka gaje ta daga kawunka da ya yi kiɗa a zamanin da, don Allah ajiye gwangwanin. A kasuwar tsofaffin jitoci, sake fenti kan zaftare kusan rabin darajarta. Wannan ƙoƙewar da kake gani a matsayin muni, ita masu kuɗi ke biya.

16/ Yawancinmu dai ba wannan ce matsalarmu ba. Abin da ke hannunmu kwafin Strat ne daga Sin ko Indunusiya, ya bi hannu huɗu kafin ya iso gare mu, da sitikar wani coci ko wata ƙungiyar ƙwallo a bayansa. Irin wannan nake da ita, irinta na yi wa fenti, kuma a kanta sauran zaren zai tsaya.

17/ Abu na farko da mutane ke yi, su ɗauko samfefa mai kaushi ko wuƙa su ce sai sun kankare tsohon fenti har katako. Don me? Jitoci masu araha kusan dukansu foli ne a jikinsu, mai tauri, sumul, ya riga ya toshe ramukan katakon. Kamfani ya yi maka rabin aikin kyauta. In ka cire shi, abin da za ka tarar a ƙasa guntayen katako ne uku ko biyar da aka manne, wani lokacin ma filawud. Sannan sai ka fara cike jijiyoyin katako daga farko.

18/ In kana son tabbatarwa, ka ɗiga tina kaɗan a wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin farantin roba na gaba. In fentin ya yi laushi ya kama yatsa, dangin naitiro ne. In ko gezau bai yi ba, foli ne. To shi sai ka dusashe ƙyallinsa kawai da samfefa mai lamba 320 ko 400, har ko'ina ya zama ba sheƙi. Sabon fenti na buƙatar wurin kamawa.

19/ Kafin nan ka kwance komai: wuya, fikof, gadar tsirkiya, maɓallai, har sukurun rataya maɗauri. Ka ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya, musamman siririyar wayar nan da ke zuwa wurin gada ta baya. Ita ce ke kashe ƙugin lantarki. In ka manta ta, jitar za ta yi ta gurnani kamar tsohon firji.

20/ Ramin da wuya ke zama a ciki, ka rufe shi da salatif ɗin takarda. Fenti ya taru a nan, wuyan ba zai koma daidai ba, ka matsa da ƙarfi gefen ya ɓantare. Ka samu sanda ka ɗaure ta da sukuru a wannan ramin, ita ce mariƙinka, da ita kuma za ka rataye jikin ya bushe.

21/ Ramuka da wuraren da suka lotsa, fila irin ta masu gyaran jikin mota ta isa. Ka shafa, ta bushe, ka goge da samfefa a naɗe a jikin ɗan katako mai faɗi. Kada ka goge da yatsu zalla, za su bar kwari-kwari da ba za ka gani ba sai ƙyalli ya hau. Fenti ba ya ɓoye aibi, tona shi yake. Duk abin da yatsanka ya ji yanzu, idon kowa zai gan shi daga baya.

22/ Yanzu ga wurin da ayyuka da yawa ke mutuwa. “Fentin mota” ba abu ɗaya ba ne. Akwai inamel, akwai akirilik mai bushewa ta hanyar tashin tina, akwai mai haɗi biyu da ake kira 2K. In ka fesa fenti mai tina mai zafi a kan inamel, na ƙasan zai tashi ya tattare kamar fatar tsohuwa, a cikin mintuna, kana kallo. Na ga an yi wa jitar wani ɗan ajinmu haka: firaima daga wani shago, launi daga wani, kiliya daga na uku, kowanne da danginsa. Sai da aka kankare duka aka koma farko.

23/ Saboda haka firaima da launi da kiliya su zama iri ɗaya, in da hali na kamfani ɗaya. Ka karanta bayan gwangwanin, ba ado aka yi da rubutun ba. Wasu inamel ɗin suna cewa ka ƙara shafi cikin awa ɗaya, in ka wuce sai bayan awa 48. Ka fesa a tsakanin nan, ya yamutse. Kuma komai za ka yi, ka fara gwadawa a guntun katako, da jerin da za ka bi a jitar.

24/ A kasuwanninmu akwai gwangwanayen feshi masu arha da ake yi wa ƙofar ƙarfe da rim ɗin babur da su, babu cikakken bayani a jikinsu. Suna yin launi, ba musu. Amma da yawansu ba sa yin tauri sosai, wata biyu bayan nan farce na shiga. Ga jita da gumin hannu ke goga kullum, gara ka ƙara kuɗi ka sayi wanda aka rubuta ko mene ne a ciki.

25/ Lissafin gwangwani ga jiki ɗaya: firaima ɗaya zuwa biyu, launi biyu, kiliya biyu zuwa uku. Ka haɗa da samfefa da salatif da man gogewa da takunkumi, ka yi jimla kafin ka fara. In jimlar ta kusa kuɗin wata jitar gwanjon mai lafiyayyen jiki, ka tambayi kanka ko launin kake so da gaske ko dai zaman banza ne ya dame ka lokacin yajin aiki.

26/ Feshin kansa ba shi da wani sirri. Ka girgiza gwangwani minti biyu cikakku. Ka riƙe shi kamar santimita 20 zuwa 25 daga jikin. Ka fara danna kan kafin ka iso jitar, ka wuce ta kafin ka saki. Shafi siriri, ka jira, ka ƙara. Na farko zai yi kamar bai rufe ba, zuciyarka za ta ce ƙara kaɗan mana. Wannan “kaɗan” ɗin shi ke sa fenti ya yi hawaye ya gangaro. In hakan ta faru ma kada ka taɓa, bari ya bushe ka goge da samfefa.

27/ In launin mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, irin na Lake Placid Blue, ba a goga masa samfefa kafin kiliya. Ƙananan ɓarɓashin alminiyon da ke ciki za su kwanta a karkace, sai ka ga tabo-tabo a ƙarƙashin ƙyallin da ba su da magani.

28/ Sai yanayi, wanda bidiyoyin Turawa ba za su gaya maka ba don ba su san hunturunmu ba. A Disamba da Janairu iskar kanta ƙura ce, duk abin da ka fesa sai ya zama kamar an barbaɗa masa gari. A Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, fentin na bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin ya yi kaushi kamar ɓawon lemo. A Agusta kuma laima ce: tina na tashi da sauri, wurin ya yi sanyi, danshi ya maƙale a ciki, kiliya ta yi fari-fari kamar hazo.

29/ Ni a ganina, a nan arewa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. In dole sai a wani lokacin, to da sassafe, a inuwa, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Gwangwanin ma kada ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe. An rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, kuma ba wasa suke ba.

30/ Yanzu maganar da ta sa na buɗe zaren nan tun asali. Kiliyar da ke ba da taurin nan da sheƙi irin na sabuwar mota ita ce 2K, mai haɗi da hadina. Har a gwangwani ana yinta yanzu, da maɓalli a gindi da za ka danna ka fasa hadinar a ciki, daga nan kana da kamar kwana biyu kafin ta daskare. A bidiyo abin gwanin sha'awa. Abin da ba a cika nanatawa ba shi ne tana ɗauke da sinadarin aisosayanet.

31/ Aisosayanet na cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta wurin aiki, kuma masu fentin mota na sahun gaba a waɗanda take kamawa. Mugun abin shi ne, da zarar jikinka ya tsane shi, ko ɗan kaɗan ka shaƙa daga baya ƙirji zai kulle, kuma sau da yawa abin ba ya barin mutum. Hazon feshin ma ba ka ganinsa, yana nan a iska bayan ka gama. Takunkumin yadi na zamanin korona ba ya tare komai a nan. Abin da ake ba ƙwararru shawara shi ne takunkumi mai turo iska mai tsabta ta tiyo. Wane ɗalibi ne ke da wannan?

32/ Don haka in na ji wani ya ce zai fesa 2K a ɗakin hostel, ya rufe taga “don kada ƙura ta shiga”, raina ɓaci yake. Malam, ba kai kaɗai ke kwana a ɗakin nan ba. Abokin ɗakinka bai sayi jita ba, bai zaɓi launi ba, amma huhunsa ne zai biya. Ko fentin gwangwani na yau da kullum a waje ake yinsa, da takunkumi mai matatar tururin sinadari, nesa da risho, da janareta, da sigari, da garwashin shisha. Abin da ke fita daga gwangwanin nan yana kamawa da wuta.

33/ Shawarata, wadda ita na bi: ka yi duk aikin samfefa da fila da rufe ramuka da kanka, don shi ne mai cin lokaci, kuma babu wanda zai yi maka shi da ƙauna kamar kai. Sannan ka ɗauki jikin ka kai wa mai fentin mota. Yana da kwamfuresa da bindigar feshi, hannunsa ya saba, abin da zai ci maka gwangwani uku shi a minti goma ya shimfiɗa shi sumul. Ranar da yake fesa wa wata mota kiliya, ragowar da ke cikin kofin bindigar kaɗai ta ishi jita.

34/ Amma ka je da ladabi da bayani. Ka gaishe shi, ka ce: “Oga, wannan katako ne, don Allah kada a shanya shi a rana, kada a cika kauri, nan da na rufe da salatif kuma a bar min shi haka.” Shi ya saba da ƙarfe. Katako in ya sha rana yana motsi, layin da aka manne guntayen sai ya fito a fuskar fentin. Kuma ka biya shi kuɗin aikinsa da mutunci. Kada ka je kana cewa “ai ɗan abu ne”. Ɗan abun ne ka kasa yi da kanka.

35/ Na san wani zai ce to ai ka tura haɗarin ne kan mai fentin. Maganar tana da nauyi. Ku leƙa garejin unguwarku ku ga yara nawa ke feshi da hankici a hanci, ko ma babu komai. Bambancin kawai, shi a fili yake yi, kuma zai fesa wa motar ko ka zo ko ba ka zo ba. Duk da haka, in ka sayi takunkumi mai matata don aikin firaimarka, in ka gama ka bar wa yaron shagon da sababbin matatu. Bai kai mai turo iska ba, amma ya fi hankici nesa ba kusa ba.

36/ Bayan feshi sai jira, kuma nan ne ake gane mai haƙuri. 2K cikin 'yan kwanaki ta yi tauri. Fentin gwangwani mai bushewa da iska kuwa sai ka ba shi mako uku zuwa huɗu, inamel ma ya fi haka. Ka kai hancinka kusa: in har yana warin tina, bai gama ba. Kada ka sa shi a jaka, zanen yadin zai fito a bayansa kamar tambari. A rataye zai zauna, kana wucewa kana kallonsa kana haɗiye yawu.

37/ In ya nuna, sai gogewa da samfefar ruwa: 1000, sai 1500, sai 2000, sannan man gogewar mota da tsumma mai laushi. Ka yi hankali da gefuna, nan fenti ya fi siranta, shafa biyu ka ga firaima ta leƙo. Ruwa kuma kada ya shiga ramukan sukuru, katakon zai kumbura ya tsaga fentin da ke kewaye. Ɗan kakin kyandir a bakin ramin ya isa.

38/ Wanda ya yi amfani da dangin naitiro ko akirilik ya sani, turare mai barasa da man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET suna narka shi. Naitiro kuma ba ya shiri da robar wasu sandunan jingine jita. Ka shafa man sauro a hannu ka rungumi jita a dandali da daddare, da safe ka ga shaidar hannunka a jikinta.

39/ Abu ɗaya da ba na ɗaga ƙafa a kai: ka yi wa kwafi fenti mai kyau, sannan ka liƙa tambarin Fender a kan wuyan ka kai kasuwa. Wannan zamba ce, ko da ka ce “ai mai saye ya sani”. Shi ya sani, wanda zai saya daga hannunsa fa? Wani yaro ne zai tara kuɗin aljihunsa na zango biyu ya sayi ƙarya. In hannunka ya iya fenti har ana rikita shi da na kamfani, ka sa sunanka a kai mana.

40/ Wanda ya kawo ni ga abin da ke ɗan ba ni haushi da mu kanmu. Fender ta leƙa titin garinsu ta kwashi launin motocin da ke wucewa. Mu kuma sai mu zauna muna wahalar neman Surf Green na Chevrolet ɗin da ba mu taɓa gani ba. Titinmu ba shi da launi ne? Ga rawayar Adaidaita Sahu. Ga launukan Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, waɗanda iyayenmu suka yi yayi. Ga zanen bayan manyan motocin katako masu ɗaukar kaya. Ga shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, mai duhun nan da ke sheƙi in an buga shi.

41/ Kuma samunsu ba wuya. Yawancin motoci suna da lambar launinsu a wata 'yar takarda ko farantin ƙarfe, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. Ka ga launin da ya burge ka a wurin ajiye motocin makaranta, ka nemi izinin mai motar, ka kwafi lambar ka kai wa masu haɗa fenti. Wanda ba shi da lamba, kamar shuɗin baba, ka yanki ƙyallen rinin ka kai musu, da ido suke haɗawa. Kwatan lita ya ishi jiki ɗaya har da ragowar yin faci. Ka ce su ɗiga a kan farin ƙarfe, ya bushe, ka fita da shi rana ka duba kafin ka biya, don a ƙarƙashin fitilar shago kowane shuɗi kyau yake yi.